Ƙasar da Ta Mutu Ta Tashi

Jama'ar masallacinmu sun sha yi mana tsiya cewa ba ma iya wa'azin minti goma ba mu ambaci Kufena ba. Shekararmu talatin da 'yan kai a Sabo, a nan muka yi aure, a nan shagonmu yake, amma da mun tashi buga misali ko mun zauna tsara 'yan baitocin da yaran Islamiyya ke rerawa ranar sauka, sai bakinmu ya kama hanyar Zazzau. Gaskiyarsu ce, kuma akwai dalili.

Wanda duk ya tashi a lardin Zazzau ya san yadda ƙasa ke zama a ƙarshen rani. Ciyawa ta ƙone, Kubanni ya koma yashi da 'yan kududdufai, rimi ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, dutsen Kufena ya ɗauki zafin da ba ka iya taka shi ba takalmi. Shanu sun rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu. Sai wata rana shamuwa ta sauka, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta ɗebo ƙura ta watsa wa gari, a yi ruwan farko. Ƙamshin nan na ƙasa, wallahi har yau babu turaren da muka saya ko muka sayar da ya kamo shi. Kafin mako ya zagayo, filin da ka rantse ya mutu ya yi kore shar.

To, Alƙur'ani ya maimaita wannan misali a wurare da dama, ya kafa hujjar tashin matattu da rayuwar ƙasa bayan mutuwarta. Mu da malaminmu ya fassara mana ba mu nemi ƙarin bayani ba, don mun gani da idonmu shekara bayan shekara. Amma yaron da aka haifa a nan Badun, inda ruwa ke sauka tun watan Maris ya kai har Oktoba, inda daji ba ya rabuwa da ganye, in ka karanta masa sai ya gyaɗa kai kawai. Ya haddace, ya iya fassara, amma bai taɓa ganin ƙasa ta mutu ba. Wannan shi ne abin da ke damunmu, ba son garinmu kaɗai ba.

Haka kalmomin ma suke zubewa. Tambayi ɗanka bambancin bazara da marka, ko me ake nufi da kaka ban da mahaifiyar babansa. Tambaye shi gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke tofo, ya kuma yi kore da rani lokacin da kowa ya bushe. Mun daɗe muna buga misali da shi a kan mutumin da ke riƙe amana a kasuwar da kowa ya saki, amma kwanan baya muka lura tsofaffin sahun gaba ne kawai ke murmushi.

Magabatanmu na Zazzau ba daga iska suka ɗauko fasaharsu ba. Ku dubi Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da ƙasa da azara ya ɗaga rufin nan, ba siminti ba rodi, kuma lanƙwasar da ke ɗauke da rufin, magina bakan gizo suke ce mata. Wato sai da mutum ya ɗaga kai ya kalli sama bayan ruwa, sannan ya sami sunan abin da hannunsa ya yi. Yanzu an kewaye tsohon ginin da sabo, amma duk wanda ya je gida ya daure ya shiga ya ɗaga kai. Unguwannin birnin ma da itatuwa aka raɗa wa wasunsu suna, ga Rimin Tsiwa, ga Rimin Doko.

Tarihin kuwa a jikin ƙasar yake kwance. Turunku tana nan da duwatsunta, inda ake danganta Bakwa da 'yarsa Amina, ga ragowar ganuwa a gindin Kufena, ga Madarkaci a cikin birni. Amma mu da muke zaune a ƙasar wasu, labarin da ya fi taɓa mu shi ne na waɗanda suka fita. Da jihadi ya iso, Sarki Makau ya bar birni ya yi kudu da jama'arsa, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin da ake kira Suleja a yau, kusa da dutsen Zuma. Kusan shekara ɗari biyu ke nan, har gobe sarkinsu Sarkin Zazzau yake amsawa. Sai Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau a 1903, sarki kuma mawaƙi, da Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja, can ya cika bai sake ganin Ƙofar Doka ba. Ga kuma Malam Aliyu Namangi, makaho, wanda Imfirajinsa ta bi hanyar fatake ta iso har layukan Sabo a bakin makafi masu bara. Fita daga gida ba da mu ta fara ba, kuma waɗanda suka fita ba su fita hannu rabbana ba.

Kada wani ya ce muna raina inda muke ci. An ware Sabo tun 1916, kakannin wasunmu a nan aka binne su, goro da shanu sun rufa wa dubbai asiri a wannan gari. Badun ma tana da abin kallonta: tuddanta, da jajayen kwanukan rufi da ke shimfiɗe har iyakar gani in ka hau tudun Mokola, da rafin Ogunpa wanda dattawanmu ba su manta ɓarnar da ya yi a 1980 ba. Yaron da aka haifa a nan ya rubuta wannan, haƙƙinsa ne, mu ma za mu so mu karanta. Abin da ba mu so shi ne abin da muke gani a littattafan 'yan samarinmu da suka fara waƙa: lambu da furanni da ƙorama irin ta fim, ba ta Zazzau ba, ba ta Badun ba, ba ta ko'ina ba.

Mun san hanya ta yi tsada, kuma ba kowace hanya ake bi da kwanciyar rai ba yanzu. Duk da haka yawancinmu muna kai yara gida, sai dai da Sallah ko biki, su yi kwana huɗu a cikin ɗaki ana gaishe-gaishe a dawo. Wanda Allah Ya hore wa, ya gwada hutun watan Afrilu. Ya zaunar da yaron kusa da taga, ya nuna masa yadda itatuwa ke gajarta bayan an haye gadar Jebba. In an isa a bar shi ya sha zafin nan sosai, a sa wani kawunsa ya hau da shi Kufena da sassafe, kuma in da hali kada a dawo da shi sai an yi ruwan farko.