Warra: 'Yancin da tsohon soja ya dawo gida nema

Wanda ya bar Yelwan Yawuri ya yi kudu, ya karkata a Malando ya bi hanyar Ngaski, ƙarshen tafiyarsa Warra ce, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a Jihar Kebbi. Nan ƙasa take ƙarewa, ruwa ya karɓa. Tafkin Kainji da ke shimfiɗe gaban garin bai daɗe a duniya ba. Madatsar da aka gina tsakanin 1964 da 1968 ce ta tare kogin Kwara, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungaye masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Saboda haka dattawan Gungawa da Kambari da Sarkawan wannan gaɓa sun san ɗacin a ce wa mutum tashi, ya tashi ba tare da an nemi shawararsa ba.

Akwai wasu a garin da suka fi kowa sanin wannan ɗaci, su ne tsofaffin sojoji. Kudancin Kebbi, musamman ƙasar Zuru, ya daɗe yana ba Nijeriya mayaƙa, tun daga yaƙin Bama, zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, zuwa Laberiya da Saliyo, zuwa dajin Sambisa. A kwanakin da na yi a Warra lokacin hutun jami'a, kusan kullum bayan la'asar ina zama da wasu daga cikinsu a wata rumfa kusa da inda ake sauke kifin banda da albasa. Tambaya ɗaya na riƙa juya musu: cikin duk 'yancin da aka ce sun kare da jininsu, wanne ya fi musu daraja?

Da ɗalibaina na tambaya, da sun karanto mini babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. Su kuwa waɗannan dattawa, da barci suka fara. Wani tsohon saje, wanda yanzu shinkafa yake nomawa a fadama, ya ce mini: "Dakta, kai ba ka san daɗin kiran asalatu ba, tunda bigila ba ta taɓa riga ladan tashinka ba." Na ce, "Baba Saje, ashe barci ma 'yanci ne?" Ya ce wanda ya shekara talatin da takalmi a gefen kansa shi zai ba ni amsa.

Amma abin da suka fi daɗewa a kansa shi ne tafiya. Soja ba ya barin inda aka ajiye shi sai da fas, takardar izini mai ranar fita da ranar dawowa. In ya wuce wa'adi, gadirum na jiransa. A rumfar nan babu wanda bai rasa wata jana'iza ko wani suna ba. Ɗaya ya ce yana bakin daga mahaifiyarsa ta rasu, sai bayan sadakar arba'in labari ya iske shi. Shi ya sa yau in ya ga dama yakan shiga kwale-kwale ya haye ƙetare, ba ciniki ba ziyara, don kawai babu wanda zai tambaye shi takarda.

Sai kuma baki. Farar hula yana ganin ƙorafi abu ne na banza, domin kullum yana yi. A soja oda ake bi tukuna, kuma ƙorafin da aka yi a taro yana iya zama tawaye. Dattawan sun tuna mini da sojoji 54 da kotun soja ta yanke wa hukuncin kisa a Disambar 2014 bisa laifin bore, bayan sun ce ba a ba su isassun makaman tunkarar Boko Haram ba, kafin daga baya a sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma. Duk sun yarda rundunar da babu ladabi cikinta ba runduna ba ce. Sai dai wanda ya haɗiye magana shekara talatin da biyar ya san nauyinta. Idan mai karatu ya ga 'yan mazan jiya sun tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu, kamar yadda suka sha yi, to ya sani ba fansho kaɗai ya kai su ba. Suna mora ne daga 'yancin da kaki ya hana su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗannan abubuwa da tsohon soja ya dawo gida nema su ne ke suɓuce wa mutanen wannan gaɓa. Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka ga iyayensu. Ƙauyukan Shanga da Ngaski sun sha hari, mutane suka bar rumbunansu suka fake a manyan garuruwa. Mutumin da ya rabu da bigila, yanzu kukan babur cikin dare ke tashinsa. Wanda ya huta da neman fas, yanzu sai ya tambayi direbobin tasha ko hanya ta yi kyau kafin ya fita. Ruwan ma da ake ganin mafaka ne yana da nasa haɗarin: ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra, kaɗan ne suka tsira.

Can kudu, a Sabuwar Bussa, akwai sansanin sojojin sama inda aka girke jiragen Super Tucano tun 2021. In ƙararsu ta ratso saman tafki, dattawan sukan yi shiru su ɗaga kai. Ba su zagin yaran da ke cikin kaki yau, domin sun san su ma ba su da barci, ba su da fas, ba su da baki. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka ciwon soja.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja da Birnin Kebbi don tunawa da 'yan mazan jiya. Madalla. Amma in hukuma na son sanin abin da suke buƙata, rumfar bakin ruwan Warra ta isa makaranta. A biya su fansho a kan kari ba sai sun kwana a titi ba. A nemi shawararsu kan tsaron ƙauyukan da suka san lungunansu. A tsare hanyar Malando zuwa Warra, a tilasta rigar ruwa a kowane jirgi, a hana lodin da ya wuce kima. Ranar da Baba Saje zai kai hantsi a fadamarsa bai waiwaya ba, ranar ce manomin Shanga da ɗalibar Birnin Yawuri za su samu nasu barcin.