Ranar da zazzaɓin Kano ya tarar da ni a Liverpool

Na sauka a birnin Liverpool na ƙasar Ingila a tsakiyar watan Satumba na shekarar 2024, domin karatun digiri na biyu. Na baro Kano damina tana ban-kwana, sauro yana cin karensa babu babbaka, na tarar da gari a bakin kogin Mersey, inda iska mai sanyi ke kaɗawa, yayyafi kuma ba ya gajiya. Cikin takardun da jami'a ta raba mana a makon farko har da wadda ta ce kowane sabon ɗalibi ya yi rajista da likita. Na karanta na ajiye. A tunanina, me ya haɗa mai lafiya da likita? Mu dai a gida sai ciwo ya kayar da mutum sannan a fara maganar asibiti.

A kwana na goma sha ɗaya sai na wayi gari da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, da yamma kuma masassara ta rufe ni. Ban buƙaci a gaya mini sunan ciwon ba, domin ni da shi mun san juna tun ina yaro. Na lallaɓa zuwa wani kantin magani, na ce a ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro. Matar da ke wurin ta ce ba ta da ikon sayar da shi sai da takardar likita, ta kuma ce in nemi likita a ranar. Na ɗauka irin ƙa'idar nan ce ta Turawa, na sayi farasitamol na koma ɗaki. Washegari da ƙarfe takwas na safe na buga waya wani ƙaramin asibitin unguwa, na ce ina da zazzaɓi da ciwon kai. Aka ce gurbin ranar ya cika, in cike takardar rajista ta intanet, idan jiki ya tsananta in kira lamba 111. Ban faɗi daga inda na zo ba, kuma kuskurena mafi girma ke nan.

Wanda Allah ya yi amfani da shi wajen ceto na wani dattijo ne ɗan Zariya, ma'aikacin jinya da ya daɗe a garin, wanda muka haɗu da shi a masallaci. Da ya ji muryata a waya sai ya ce, "Ɗana, me ka gaya musu?" Na ce, "Baba, na ce ina da zazzaɓi." Ya ce, "A nan zazzaɓi a watan Satumba mura ce, rabin ɗalibai suna da ita. Kira 111 yanzu, kalmarka ta farko ta zama cewa kwana goma sha biyu ke nan da barinka Najeriya." Na yi yadda ya ce. Nan take salon tambayoyin ya sauya, aka umarce ni in tafi sashen gaggawa ba tare da jinkiri ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin yake, domin rashin saninsa ne ya kusa cutar da ni. Hukumar lafiya ta Birtaniya, wadda ake kira NHS, ta fara aiki ranar 5 ga Yuli, 1948, a ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, bisa manufar a duba kowa ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba, kuɗin kuma su fito daga haraji. Ƙofar shiga ita ce likitan unguwa, wanda suke kira GP. Shi ke riƙe tarihin lafiyarka, shi ke rubuta magani, shi ke tura ka wurin ƙwararre. Ba a tashi kai tsaye a ce za a ga likitan zuciya ko na ƙoda kamar yadda mai kuɗi yake yi a wurinmu. Lamba 111 ta neman shawara ce dare da rana, 999 kuwa ta motar asibiti ce idan rai yana cikin haɗari. Baƙo mai dogon zama yana biyan kasonsa tun lokacin neman biza; a shekarar da na je, ɗalibi yana biyan fam 776 na kowace shekara.

A sashen gaggawa wata ma'aikaciyar jinya ta gwada zafin jikina da bugun jini, ta yi rubutu, aka ɗebi jini. Na zauna a falon jira tare da wani tsoho da ya faɗi a kan matakala da wata uwa da ɗanta mai tari. A can na fahimci cewa ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba, wanda ya fi jin jiki ne. Babu ɗan uwa mai zarya tsakanin wurin biyan kuɗi da ɗakin gwaji, babu wanda ya ce a sayo sirinji ko safar hannu. Bayan 'yan sa'o'i likita ta zo ta ce an ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro nau'in falsifarum, wanda shi ne mafi haɗari, don haka zan kwana a ƙarƙashin kulawarsu. Na ce ai wannan a gida a tsaye muke cinye shi. Ta ce a garinku ma yana kisa, sabo ne ya sa kuka daina jin tsoronsa. Na rasa amsa, domin na tuna yaran unguwarmu da aka binne a damina.

Abin da ya ba ni dariya shi ne maganin da aka kawo. Haɗin atimita da lumefantirin ne, wanda muke saya a kemis ɗin bakin layi, sha shida cikin kwana uku. Bambancin kawai, an yi mini bayanin cewa a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo domin jiki ya karɓe shi sosai, an kuma sake gwada jinina kafin a sallame ni. Na fita ba a karɓi ko sisi daga hannuna ba.

Da na warware na fara yawo a garin, sai na gane cewa ciwon nawa ba baƙo ba ne a Liverpool. A nan aka kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a 1898, irinta ta farko a duniya, da tallafin Alfred Jones, mai jiragen ruwan da ke zirga-zirga zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A nan Ronald Ross ya koyar, mutumin da ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, ya kuma sami kyautar Nobel a 1902. Fataucin da ya kai kayan ƙasashenmu wannan tasha shi ne ya kai musu zazzaɓinmu, suka zauna suka yi nazarinsa.

Kada a ɗauka aljanna nake siffantawa. Su kansu mutanen ƙasar kullum jaridunsu cike suke da kukan dogon jira: ganin ƙwararre ko aikin tiyata da ba na gaggawa ba yana iya ɗaukar watanni, ganawa da likitan unguwa ba ta cika wuce minti goma ba, samun likitan haƙori kuma sai an sha wuya. A Ingila babban mutum yana biyan fam 9.90 kan kowane magani da aka rubuta masa, in ban da waɗanda aka yafe wa, kamar yara da masu ciki da waɗanda suka kai shekara 60.

Ga mai shirin tafiya, shawarata ita ce ka yi rajista da likita a makonka na farko, kana da lafiyarka. Ba a karɓar kuɗi. Ka tafi da takardun ciwon da kake da shi da sunayen magungunanka. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin shekara guda da barin gida, ka fara da faɗin daga inda ka zo. Kana da damar neman tafinta kyauta, mace kuma tana iya neman likita mace. Ka faɗi ciwonka yadda yake, domin dauriya da kawaicin da muke alfahari da su, a gaban likitan da bai san mu ba, suna iya zama shaidar cewa lafiyarmu ƙalau.

Daren da na kwana a asibitin, muryoyin ma'aikata 'yan Najeriya nake ta ji a baranda. Hannun da ke jinyar Turawa namu ne, maganin ma irin namu ne. Abin da muka rasa tsari ne. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, a 2022 kuma aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya. Har yau talaka yana sayar da akuya kafin a ɗora ɗansa a gado. Ni na dawo da raina saboda wani dattijo ya san kalmar da za a faɗa a waya. Ya dace mu tambayi wakilanmu, yaushe yaron da ke rawar ɗari a Rimin Gado ko Bichi zai ga likita kafin a tambayi mahaifinsa nawa ya zo da shi?