Wasiƙa zuwa ga ƙanwata a Shika

Ƙanwata,

 Ya karatu, ya kwanan asibiti? Allah Ya yi jagora.

Na ga saƙonki. Kin ce zuciyarki na ga ilimin garkuwar jiki, amma abokan karatunki sun sage miki gwiwa, wai fannin masu manyan na'urori ne, sai a Turai ko Amurka. Ban yarda da su ba, kuma hujjata tana nan cikin garin da kike zaune.

A 1970 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya don taimakawa wajen kafa makarantar koyon likitanci, tun asibitin koyarwa bai koma Shika ba. Kafin nan ya yi aiki a Ibadan daga 1965. Can ya lura da abin da wasu suka wuce ba su kula ba: cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin amosanin gaɓɓai, ba su da yawa a tsakanin 'yan Najeriya kamar a Turai. Ya yi zargin cewa yawan fama da zazzaɓin cizon sauro da ire-irensa ne ke sauya halin garkuwar, ya rubuta haka a mujallar Lancet a 1968. Wannan tambayar ce ta ja shi cikin fannin da kike so.

Shekara goma ya yi a Zariya, kuma sanƙarau ne ya fi cin lokacinsa. Kin san yadda yake zuwa mana: hunturu na wucewa, zafi ya kankama, sai a fara shigo da yara wuya a sanƙare, ba ya lafawa sai ruwa ya sauka. A lokacin, kafin a shuka ƙwayar cutar ta tsiro a gane ta, an kwana an wuni. Shi da abokin aikinsa Hilton Whittle suka yi amfani da wata dabara mai sauƙi. A shimfiɗa wani abu mai kama da daskararren koko a kan ɗan gilashi, a huda ramuka biyu ƙanana, a ɗiga ruwan ƙashin bayan mara lafiya a ɗaya, a ɗiga ruwan jini mai ɗauke da sojojin garkuwa a ɗayan, sannan a saki wutar lantarki kaɗan. In cutar na nan, wani siririn farin layi zai fito a tsakani, likita ya san abin da yake yaƙa tun a ranar. Duba kayan aikin nan da kyau, ki gaya mini wanne ne ya fi ƙarfinku.

A Zariyar dai suka nuna cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama, jikinsa ba ya amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata, har da ta sanƙarau. Ni a ganina wannan ya fi komai nauyi, domin ya nuna cewa sakamakon da aka samu a jikin yaron Landan ba lallai ya yi daidai da na yaron Giwa ko Soba ba. Dole wani ya tsaya a nan ya auna.

A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike ta MRC na tsawon shekara 15. Can aka gwada gidan sauro mai magani a ƙauyuka, aka ga mutuwar ƙananan yara ta ragu ƙwarai. Pedro Alonso, matashin likitan da ya yi wannan aiki a ƙarƙashinsa, daga baya shi ya jagoranci shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga 1996 Greenwood ya ci gaba daga Landan. Maganin nan na kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ma'aikata ke bi gida-gida da shi duk wata a damina, su jiƙa ƙwaya a cokali su ba yaro a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, Greenwood yana cikin waɗanda suka yi ta gwada shi har Hukumar ta amince da shi a 2012. Japan ta ba shi lambar yabo ta Hideyo Noguchi a 2008.

Ba don Bature ne nake yabonsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, tambayoyin namu ne, yaran namu ne, amma sunayen da duniya ta fi sani a kansu na baƙi ne. Kuɗin bincike ba ya zuwa da sauƙi, wuta na ɗaukewa, na sani. Duk da haka sanƙarau bai bar mu ba, wasu nau'o'insa sun taso bayan rigakafin MenAfriVac ya karya wanda ya fi addabarmu.

Don Allah ki nemi takardunsa na shekarun Zariya a laburare ki karanta da kanki, sannan ki samu malamin da ke wannan fanni ki ce kina son aiki a ƙarƙashinsa. Kuɗin littattafai na wuyana. Inna na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Wassalam,
Yayanki.