Kete-Krachi Cikin Hunturu: Ruwa Ya Ci Gari, Bai Ci Rubutu Ba

Duk mai son ya ga Kete-Krachi da kyau, to ya je cikin hunturu, tsakanin watan Disamba da Fabrairu. Lokacin nan hanya ta bushe, mota ba ta kafewa, sai dai a sha ƙura. Wanda ya taso daga Ankara zai bi ta Hohoe har ya kai Dambai, hedkwatar Yankin Oti, inda jirgin fito ke ƙetarar da motoci da mutane da lodin doya. Daga can sai ya miƙe kudu, har hanya ta ƙare a bakin tafkin Volta. Da safe hazo kan rufe ruwan, ba ka ganin ƙetare, sai kwalekwalen masunta suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya kamar daga cikin hayaƙi.

Na yi kwanaki a garin cikin hutun ƙarshen shekara, ɗauke da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, domin na daɗe ina tattara tarihin zangonmu daga bakin dattawa. Malamin makaranta kuwa, in ana karatu, ba shi da lokacin kansa. Da rana yana aji, da dare yana duba aikin yara da shirya darasin gobe. Hutun hunturu shi ne kakarsa.

Abin da ya kai ni wannan gari musamman shi ne sunan Alhaji Umaru. An haife shi a Kano a 1858, ya yi karatu a Sakkwato, ya biyo hanyar fataken goro har ya zauna Salaga a 1892. A shekarar nan yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu, shi kuma ya komo Kete a 1896. Kete ita ce zangon baƙi, Krachi kuwa garin 'yan ƙasa. A nan ya yi limanci, ya karantar da almajirai, har ya rasu a 1934.

Duk da waɗannan hidimomi, alƙalaminsa bai huta ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, a cikinsu har da ta talauci da wadata, da ta zuwan Nasara. A zamanin da Jamusawa ke riƙe da garin, ya rubuta wa jami'insu Adam Mischlich labarin ƙasar Hausa da ajami: sarautu, da sana'o'i, da fatauci, da al'adun aure da haihuwa. Waɗannan takardu sun ƙetare teku, masana sun yi ta nazarinsu. A 1973 Douglas Ferguson ya fassara su zuwa Turanci a Amurka, a 2000 kuma Stanislaw Pilaszewicz na ƙasar Folan ya buga wasu daga cikinsu.

To, ina garin da aka yi wannan aiki? Yawancinsa yana ƙarƙashin ruwa. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafki ya malale ya ci garuruwa da gonaki, aka tashi mutane wajen 80,000 aka sake musu matsuguni 52. Kete-Krachi ta yau sabon gari ce a kan tudu. Kasuwar da fatake suka sauke goro da kanwa, da lungunan da almajirai suka bi da allunansu, kifi ne ke yawo a wurin. Amma abin da malamin ya sa a takarda yana nan, ana karantawa.

Wannan ya isa mai rubutu ya yi wa kansa faɗa. Littafi ba ya rubutuwa dare ɗaya, kuma mutumin da ke da masallaci da makaranta a wuyansa bai jira ranar da zai sami sarari ba. Saboda haka na kafa wa kaina doka a masaukina, ina kuma bin ta har yanzu: shafi ɗaya kowace rana, kafin hantsi. Hunturu yana taimakon mai wannan niyya. Sanyin asuba yana tsare mutane a ɗaka, ba mai sallama, ba hayaniyar yara. Sai in shafa man kaɗe a yatsu don kada su tsage, in lulluɓa da bargo, in kama rubutu. Koko da ƙosai ba sa shiga bakina sai shafin ya cika. Da la'asar in zauna wurin tsofaffi in saurara, abin da na ji shi ne shafin gobe. Ran da kai ya toshe, sai in kwafe na jiya da kyau, in gyara sunaye da shekaru, don dai kada hannu ya saba da zama.

Mu yi lissafi irin na aji uku. Daga 1 ga Disamba zuwa 28 ga Fabrairu kwana 90 ne. Shafi ɗaya kullum ya zama shafi 90, wato ƙaramin littafi kafin zafin bazara ya shigo. Da yayyafi kogi kan cika.

'Yan'uwa masu karatu, ba sai an gina madatsa ruwa ke cin gari ba. Kowace shekara muna binne dattawan da suka san ko wane ne ya kafa zangonmu, daga ina ya fito, da wace hanya ya biyo. Yaranmu da yawa suna jin Hausa, amma ba su iya rubuta ta ba, balle su karanta ajamin da ke cikin akwatunan kakanninsu. Malamai 'yan'uwana a Kumasi da Tamale da Yendi da Salaga, kowa ya sayi littafin rubutu guda, ya zaɓi tsoho ɗaya a unguwarsu, ya fara da shi tun hazon bana bai washe ba.