Suna Linzami

Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙon doki ya san linzami ba ado ba ne, da shi ake juya dabba inda ake so. Saboda haka ne magabata ba su ɗauki raɗin suna da wasa ba. Kwana bakwai ake ba uba ya yi shawara, ran na bakwai da sassafe a taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a, a yanka rago, wanzami ya zo ya yi aski. Kafin hantsi ya dubi ludayi an ɗora wa jariri kayan da zai ɗauka har kabarinsa, alhali shi yana barci a ɗaki.

A da, namiji sunaye biyu yake tashi da su. Akwai na yanka, wanda ba ya wuce sunayen annabawa da sahabbai da bayin Allah. Akwai kuma na gida, wanda shi ne littafin tarihin yaro. Ɗanladi da Ɗantala da Balarabe da Ɗanjuma sun faɗa maka ranar da aka haife su. Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata, Cindo ya zo da yatsa shida, Nomau ya faɗo ana tsakiyar aikin gona. Wanda kuwa 'yan'uwansa suka yi ta mutuwa kafin shi sai a ce masa Bawa ko Ajuji, wai a nuna wa mutuwa ba a damu da shi ba, ko ta kau da kai. Ni dai ban san wata waƙa da ta kai wannan suna na Ajuji ɗaukar baƙin cikin uwa ba.

Yayi kuwa ba yau ya fara shiga cikin suna ba. Bayan kisan Janar Murtala ran 13 ga Fabrairu, 1976, an sami Murtala a kusan kowace unguwa. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya haifar mana da su Saddam, shekarar 2001 ta kawo su Usama. A cikin rajistar ɗalibaina nakan kintaci shekarun yaro daga sunansa, kuma ba kasafai nake kuskurewa ba. Sai dai iska takan juya. An rataye Saddam Husaini a watan Disamba na 2006, amma yaran da aka sa wa sunansa suna nan, sun zama magidanta, suna cike takardun neman aiki da na biza da sunan da iyayensu suka zaɓa cikin zafin sauraren rediyo. Littattafan soyayya na Kano da finafinai, da kaset ɗin karatun limaman Harami, su ma sun zubo nasu: Sudais, Fahad, Nabil, Amir, Aiman.

Duk wannan a wurina darasin aji ne, har ranar da Allah ya ba ni ɗa namiji bayan 'ya'ya mata biyu. A nan ne na ga bambancin mai koyar da adabi da mai jego. Mahaifiyata ta yo aike daga gida tun kafin cibiya ta faɗi, saƙonta gajere ne: a mayar da sunan Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Abubakar ne, kuma bai ga ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ba. Uwar yaro kuma ta daɗe da ajiye Aiman a zuciyarta. Hujjarta ba ta banza ba ce. Ta ce a danginmu kaɗai akwai Abubakar biyar, kuma a nan Kudu inda muke zaune yaro zai shiga aji da 'ya'yan wasu ƙabilu, tana son suna gajere wanda harshen kowa zai iya ɗauka ba tare da an karya shi ba. Ta ƙara da cewa, cikin murmushi, ita ta yi ɗawainiyar wata tara.

Na yi kwana uku ina juya maganar. Abin da ya fara zo mini shi ne, tsohon suna ba ya tsufa don ba shi da shekarar haihuwa. Abubakar Imam ya ɗauke shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗauke shi, mai sayar da ruwa a tasha ma ya ɗauke shi, bai yi wa kowa yawa ba, bai yi wa kowa kaɗan ba. Ba ya faɗin jam'iyyar uban yaro, balle fim ɗin da uwarsa take kallo. Wani abokin aikina Bayarabe da na ba shi labari ya yi dariya, ya ce su sun huta, don sukan jera wa jariri sunaye da yawa, kowane babba a gida ya kawo nasa, kuma wanda aka haifa bayan rasuwar kaka Babatunde ne, wato baba ya dawo. Na ce masa mu ma muna da Babangida.

Wannan hira ce ta tuna mini da abin da na sha faɗa wa ɗalibai. Sunan zamani a ƙasar Hausa ba ta ƙofar zaure ya shigo ba, ta ƙofar alkunya ya shigo. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na surukinta, da yawa ba sa kiran na ɗan fari. Dole a nemi laƙabi. Kakanninmu suka ce wa Abubakar Garba, Umaru Sanda, Ibrahim Iro, Usman Shehu. 'Ya'yanmu kuma suka ce Sadik, Faruk, Khalil. Mutumin dai ɗaya ne, riga ya sake. Ashe ko da na bi umarnin tsohuwa, ita kanta ba za ta iya furta sunan ba, matata ma haka, sai kowace ta nemo nata.

Na sami uwar yaro da daddare na ce mata, "Kin ga, sunan Malam za a raɗa. Amma tunda bakinki ba zai kira shi ba, abin da za a riƙa kiransa a gidan nan ke za ki zaɓa." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, Allah ya raya mana. Aiman ɗin sai wani karon, in da rabo. Wannan Sadik ne." Sharaɗi ɗaya na kafa, shi ma don abin da nake gani a ofis ne: kowace shekara sai ɗalibi ya zo da takardar firamare mai laƙabi, ta sakandare mai sunan yanka, ga ta banki da wani rubutun daban, ya yi ta zaryar kotu yana rantsuwa cewa duk shi ne. Na ce takardar haihuwa Abubakar za ta ɗauka, da rubutu iri ɗaya, har ya gama makaranta.

Yanzu watansa takwas. Uwarsa tana ce masa Sadik, yayyensa suna ce masa Abba. Mahaifiyata in ta kira waya sai ta ce a ba ta maigidanta, ta tambaye shi kuɗin cefane. Wata gwaggona kuwa, da ta zo barka, ta dube shi, ta dubi 'yan matan nan biyu, ta ce duk surutunmu ne, yaro dai Tanko ne. Ya zuwa yau duk wanda ya kira shi yana waiwayawa.