Agogunan da Iyayenmu Suka Bari a Adaka



Duk wanda ya taso a yankinmu na kudancin Kano, daga Ɗansoshiya da Kiru zuwa Bebeji, Tudun Wada har Doguwa, ya san wani farin agogo mai sarƙar ƙarfe da alhazai ke dawowa da shi daga Makka. A da, idan alhaji ya sauka, bayan haƙorin Makka sai ido ya kai ga wuyan hannunsa. Galibi Seiko 5 ne ko Rado, wani lokaci Citizen ko Orient. Da shi ake duba lokacin sahur idan hadari ya rufe taurari, da shi ake sanin ƙarfe nawa za a kunna rediyo a ji labarai. Yau da yawa daga masu agogunan sun riga mu gidan gaskiya, agogunan kuwa suna kwance a ƙasan adaka cikin tsumma, kusa da tsohon fasfo. Akasarinsu ba su mutu ba, ƙura da bushewar mai ne suka tsayar da su. Amma damar tayar da su tana ƙurewa, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana.

Bari mu fara da abin da ke cikin cikinsa. Kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fara fito da samfurin Seiko 5 a 1963, kuma ba ya cin batir. A bayan injinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata, wanda ke juyawa duk lokacin da mai agogo ya motsa hannu. Juyawar nan ce ke naɗe wani dogon sifirin, shi kuma yana warwarewa a hankali yana tura 'yan faya-fayai masu haƙora. Akwai wani ɗan zobe mai kai-komo a kan waya siririya kamar gashi, shi ke daidaita tafiyar. A injunan da suka fi yawa a hannun mutanenmu, zoben nan yana bugawa sau 21,600 a awa guda, wato sau 518,400 a kwana ɗaya. Agogo sarkin aiki ke nan. Duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskarsa kuwa yaƙutu ne na haɗi, wanda aka dasa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ba su da wani kuɗi, saboda haka kada wani ya fasa agogon gado yana neman lu'ulu'u.

A kan waɗannan duwatsu ake ɗiga mai, ɗigon da bai kai tsinin allura ba. Bayan wasu shekaru man yana bushewa, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da shi, sai ya zama tamkar yashi yana cin sassan. Shi ya sa masu sana'ar kan ce a kawo agogo wanki duk bayan shekara huɗu ko biyar, ko da yana tafiya lafiya. Rigakafi ya fi magani.

Namu agogon na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa, wanda ya sayo a hajjinsa cikin shekarun 1980. Ranar rabon gado babu wanda ya yi masa kuɗi mai yawa, don ya riga ya tsaya. Mu 'ya'yansa muka yi shawara a tashe shi. Mai gyaran da muka fara samu a wata kasuwar ƙauye ya jijjiga shi, ya kara a kunne, ya ce aikin minti goma ne: zai kwashe tsohon injin ya jefar, ya sa na batir. Muka yi masa godiya muka karɓi abinmu, domin in aka yi haka kwanso kawai zai rage mana.

Ba mu ga laifinsa sosai ba. Tun da Seiko ɗin nan dai ya fito da agogon hannu mai batir irin na quartz na farko, Astron, a watan Disamba na 1969, sana'ar ta fara canja fuska. Casio ya biyo da ɗan baƙin agogonsa na roba mai lamba F-91W a 1989, mai araha da juriya, daga baya wayar hannu ta zo ta ƙarasa aikin. Mai gyaran agogo ya koma mai canjin batir da rage sarƙa.

Daga Kwanar Ɗangora muka shiga mota zuwa birni. A kasuwar Sabon Gari aka yi mana kwatancen wani dattijo mai ɗan tebur da akwatin gilashi. Ya maƙala gilashin ƙara girma a ido, ya kwance murfin baya, ya daɗe yana dubawa.

"Samari, wannan na babanku ne?"

Muka ce, "Nasa ne, Baba."

Ya ce, "Da shi yake alwala. Ga tsatsa nan ta bi ta wajen kan da ake saita lokaci, don robar da ke tare ruwa ta mutu. Zai tashi in Allah Ya yarda, amma sai kun yi haƙuri, kayansa ba a shago suke ba."

A nan muka koyi karatun bayan agogo. Lambobi huɗu na farko, waɗanda ke gaban ɗan layi, sunan injin ne, namu 7009. Akwai kuma wata lamba mai tsawo, wadda harafinta na farko ke nuna ƙarshen shekarar da aka ƙera agogon, na biyu kuma watan. Duk mai neman kayan gyara da lambar inji zai nema, domin agoguna biyu kan yi kama a fuska alhali cikinsu daban.

Kamfanin ya daɗe da daina ƙera injin 7009, saboda haka hanyoyin samun kayansa uku ne. Ta farko ita ce gawar wani agogon irinsa. Dattijon ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da matattun injuna, ya ce shi ne bankinsa, a ciki yake tsintar sukuru ko faifai da hantsaki. Ta biyu, sababbin kayan da wasu masana'antu ke kwaikwaya, kamar gilashi da roba, waɗanda ba laifi a sa su. Ta uku ita ce intanet, irin su eBay, inda ake buƙatar taka-tsantsan. Akwai tsofaffin agogunan Seiko masu yawa da ake harhaɗawa a Indiya daga sassa barkatai, a yi wa fuskarsu sabon fenti mai ƙyalli, a sayar da araha. Araha kuwa ba ta ado. Masu Rado nasu ya fi wuya, domin rukunin kamfanonin Swatch na Suwizalan, wanda ya mallaki Rado, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara daga ƙarshen 2015.

Sai da muka yi mako shida muna jira kafin a samu gawar da ta dace, a hannun wani ɗan gwangwan. Dattijon ya warware injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya canja faifan da tsatsa ta ci, ya sa sabuwar roba da gilashi, ya ɗiga man agogo na ainihi. Ya gargaɗe mu da masu tsoma inji gaba ɗaya a fetur su shafa masa man keken ɗinki, ya ce agogon zai yi wata biyu yana gudu sannan ya kwanta. Ya kuma ce kada a ajiye shi a kan lasifika, don mayen ƙarfen da ke cikinta kan sa siririyar wayar nan ta manne, agogo ya riƙa gaggawa.

Abu biyu muka roƙe shi. Kada ya goge ƙarcen da ke jikin kwanson, domin gona da garma ne suka yi shi. Kada kuma ya canja faifan ranaku, wanda ke nuna Juma'a da Asabar da haruffan Larabci, irin wanda aka yi don kasuwannin ƙasashen Larabawa. Kuɗin aikin ya ninka na sabon agogon batir sau da yawa, kuma mun biya ba tare da ciniki ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bencin da ke gefen dattijon, babu kowa a kai. Ya ce yaran da ya fara koya wa duk sun koma gyaran waya a Farm Centre, kuma bai zarge su ba, can ne abinci yake. Idonsa ya fara rauni, hannunsa ya soma rawa. Ranar da irinsu suka ƙare, gwangwanin nan awo za a yi masa a kilo, kuma duk agogon da ke adaka a Kiru ko Doguwa ya zama ƙarfe kawai.

Saboda haka, 'yan uwa, wanda yake da irin wannan agogo a gida ya fito da shi tun masu gyaran suna raye. Kada a yi ta jijjiga shi da ƙarfi don a ga ko zai tashi, busasshen inji cin kansa yake yi. A rubuta lambar bayansa, a nemi dattijon da ya san aikin, a tsaya a gabansa ya buɗe. Wanda nasa ya wuce gyara, kada ya ba 'yan jari-bola, ya kai wa mai gyara, wataƙila sukuru ɗaya daga cikinsa ya tashi agogon wani maraya. Wanda kuma yake da ƙane mai natsuwa da kaifin ido, ya gwada kai shi ya zauna a irin wancan benci, ko da ranar Asabar ce kawai.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa albarka a abin da suka bar mana.