Baƙo Bai Faɗi Garinsu Ba, Bakinsa Ya Faɗa

Mahaifina fatoma ne a Fagge, nan Kano. Sana'arsa saukar baƙi: fatake, masu jaura, 'yan ci-rani, da duk mai neman wurin ajiye kaya kafin ya shiga Kurmi ko Kantin Kwari. A shekarun 1970, ina yaron aike, zaurenmu ba ya rabuwa da baƙo, balle bayan farin 1973 da ya koro jama'a daga arewa. Ban taɓa jin Baba ya tambayi mutum daga ina yake ba. A ganinsa wannan rashin karamci ne. Sai ya bari a yi sallama, a gaisa, a kawo ruwa, kafin baƙo ya dire kwanon sha ya riga ya san garinsu.

Basakkwace ba ya ɓuya. Da ya ce "lahiya lau", ko ya ce sun iso tun da sahe sunka iske ƙohwa ruhe, sai Baba ya gyara zama ya ce, "Sannunku da hanya, Malam. Kun baro Sarkin Musulmi lafiya?" Nan take za ka ga fuskar mutum ta sake, gajiyar mota ta tafi. Su ne masu "zamna" da "sabka" da "abduga", masu ƙirga "huɗu, biyat", masu tambayar "ƙaƙa gida?" Mutumin Daura kuwa "biyal" zai ce. Mu yara duk wanda muka ji da "munka" Basakkwace muke kiransa, amma Baba ya fi mu kunne. Yakan jira a zo maganar kuɗi. Idan baƙo ya soma lissafi da dala, wato tamma biyar ta sefa, ko ya ce ɗansa na lakwal wajen mushe, to daga Maraɗi ko Tawa ya fito, komai kamar bakinsa da na Sakkwato. Namu na wannan ɓangare na iyaka kuwa fam da sule suke ta ambata, ko da yake naira ta shigo tun Janairun 1973.

Ranar da Bazazzagi ya sauka, ranar raha ce. Da ya ce "matana ne ta aiko ni", ko "rigan nan", zaure ya ɗauka, don Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Shi ma ba ya raga mana. Haka 'yan goro da ke zuwa daga zangon Kumasi, waɗanda ƙa da ɗa suka sulale daga bakinsu, namiji da mace duk "ne". Ana dariya, amma ban taɓa ganin wanda ya sunkuyar da kai ko ya sauya baki don a daina ba. Kowa da tinƙaho yake maganar gidansu.

Abin da na fi kewa shi ne bayan sallar isha. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Baba ya fito da rediyonsa mai batir, a kamo Kaduna. In aka sa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, mu 'yan Kano rabi muke tsinta. Sai wani dattijo Bagobiri da ke sauka wurinmu duk rani ya ɗaga hannu a rage murya, ya warware mana baiti kalma bayan kalma, ya faɗi wane sarki ake nufi da abin da ya sa aka yi masa wannan kirari. In Shata ne, Katsinawa ke karɓe fagen. A tabarmar nan na fara gane cewa Hausar da nake ji a unguwarmu ɗaki ɗaya ce a cikin babban gida.

Ba na faɗa da daidaitacciyar Hausa, da ita nake rubuta wannan. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, aka ɗora rubutu bisa karin Kano, littattafan makaranta suka bi, sashen Hausa na BBC ya zo a 1957, finafinan Kano suka biyo baya daga 1990. Hakan ya sa Bahaushen Agadas da na Kumasi suna karanta takarda ɗaya. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka mai da sauran karin abin kunya. A fim, in ana son baƙauyen da za a yi wa dariya, sai a sa masa Sakkwatanci a baki. Na sha zama da samari 'yan Zamfara da Kabi a Kano, sai wayarsu ta yi ƙara, sun ji muryar mahaifiya, sannan bakinsu na gaskiya ya fito, suna gamawa su mai da shi aljihu. Alhali masana harshe sun tabbatar "zamna" da "sabka" sun girmi "zauna" da "sauka". Mu ne muka sauya. Ƙamusun Bargery na 1934 ma bai zubar da kalmomin Sakkwato da Katsina ba, ya shigar da su, ya sa musu alamar inda ake faɗarsu.

Yau sai in yi hira mai tsawo da matashi ban gane ko ɗan Gusau ne ko ɗan Azare ba, sai na tambaya, abin da Baba bai taɓa yi ba.

Roƙona ga iyayen da aiki ya kai Abuja, Legas, Yamai ko nan Kano: in kun shiga gida, ku yi wa 'ya'yanku magana da bakin garinku, makaranta za ta koya musu na littafi. Wanda kuma Allah ya bar masa kaka ko kakan da ke raye, ya kunna wayarsa ya naɗi hirarsu tun suna nan.